Idan ɗan takara ya zo sujada, a bar kyamara a kunne ko a kashe?

Sakataren Matasa, Samaru:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ikilisiyoyi da dama a Zariya yanzu suna watsa sujadar Lahadi kai tsaye, wasu a Facebook, wasu a YouTube. Kuma kowa ya san da zarar kakar siyasa ta matso, 'yan takara kan fara zuwa godiya da ƙaddamar da asusun gini. To idan irin wannan baƙo ya shigo kyamara tana kunne, me yaron da ke riƙe da waya zai yi? Ya kashe, ya bari, ko tun farko kada a ba baƙon makirufo? Muna son abin da za a iya rubutawa a takarda a miƙa wa dattawa.

Barista, Sabon Gari:
Kafin a je ga kyamara a fara da doka. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi aiki da ita kafin a sauya ta a 2026, a sashe na 92, ƙaramin sashe na 3, ta hana amfani da wuraren ibada, ofisoshin 'yan sanda da na gwamnati wajen yaƙin neman zaɓe, ko tallata jam'iyya ko ɗan takara, ko sukarsu. A lura da wannan na ƙarshe. Mai wa'azin da ya ce kada ku zaɓi wane, laifinsa ɗaya da wanda ya ce ku zaɓi wane. Sashe na 97 kuma ya yi magana a kan yaƙin neman zaɓe ko watsa saƙo bisa addini ko ƙabila ko ɓangaranci: tara har naira miliyan 1, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Ba ɗan takara kaɗai ya shafa ba, har da mutum ko ƙungiya. Da can abin da aka faɗa a majami'a a kunnen mutum ɗari uku yake tsayawa, gobe a ce ba haka aka ce ba. Yanzu shafin ikilisiya ne da kansa yake ajiye shaidar, da sunanta da tambarinta a sama.

Ɗan Kwangila:
Barista, da girmamawa, wannan doka a takarda take. Kowa yana yi, ta kowane ɓangare. Mu kaɗai za mu ɗaure hannunmu?

Malamin Tauhidi, Wusasa:
Ɗan'uwa, ko babu INEC a duniya, wasiƙar Yakubu sura 2 tana nan. A can an kwatanta mutum biyu sun shigo taro, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu kyau, ɗaya matalauci, aka ba na farkon wurin zama mai daraja, aka ce wa na biyun ya tsaya can. Yakubu ya kira wannan tara, wato nuna bambanci. Yau wurin zama mai daraja ba kujerar gaba ba ce kaɗai, makirufo ne da minti goma na kyamara. Gwauruwar da ta shekara talatin tana share majami'a ba a taɓa ce mata ta gaida jama'a ba. Baƙo ya zo da ambulan, an tsayar da mawaƙa dominsa. Tambayata ke nan, ba ta kamu ko rashin kamu ba.

Mama, Zumuntar Mata Tudun Wada:
Malam na ji, amma ina tsoron inda maganar nan za ta kai mu. Kada a fake da doka a rufe wa bagade baki. A Yunin 2021 an shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya an kwashi mutane. Wata mai bi aka kwashe yara 121 a makarantar Bethel Baptist a Chikun. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kwanon masara ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Idan fasto bai faɗi waɗannan ba, wa zai faɗa? Natan ya fuskanci Dawuda. Yahaya Maibaftisma ya gaya wa Hirudus gaskiya har ya rasa kansa. Ba shiru suka yi ba.

Malamin Tauhidi, Wusasa:
Mama, gaskiyarki, kuma ba mu saɓa ba. Amma a duba abin da Natan ya yi. Ya ce wa sarki ka yi zalunci a kan Uriya. Bai fito ya ce wa Isra'ila ga wanda za ku naɗa a madadinsa ba. Amos ya yi kuka a kan masu tauye mudu da masu sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, bai ɗaga hannun kowa ba. Fasto yana iya cewa an bar hanya ba tsaro, asibiti ba magani, albashi bai isa ba, ya faɗa da ƙarfi, kyamara tana kunne. Abin da ba nasa ba ne shi ne ya ce saboda haka ranar Asabar ga inda za ku dangwala. A kujerun majami'a ɗaya akwai ɗan APC, ɗan PDP, ɗan Labour, gaba ɗaya za su zo Jibin Ubangiji. Wanda ya ji an zagi jam'iyyarsa daga bagade, da wace zuciya zai miƙa hannu?

Barista, Sabon Gari:
Ta fuskar doka ma nan iyakar take. Sukar halin da ƙasa ke ciki ba yaƙin neman zaɓe ba ne. Kiran suna, nuna alamar jam'iyya, ko cewa ku zaɓi namu, shi ne. Kuma kalmar namu ɗin nan ita ce mafi haɗari, domin ita ke jawo sashe na 97.

Mai Sauti, Muchiya:
Bari in shigo da ɓangaren na'ura, tunda Sakatare ya tambayi abin da yaro zai yi. Idan da waya ɗaya tak ake watsawa, ba shi da zaɓi mai kyau. Ya kashe, watsawar ta ƙare, masu kallo su watse, a sake buɗe sabuwa da sabon adireshi. Ya bari, komai ya fita. Shi ya sa ya fi a bi ta kwamfuta da manhajar OBS, kyauta ce. A shirya fuska biyu tun ranar Asabar. Ta ɗaya kyamarar bagade da sauti. Ta biyu hoto tsayayye mai rubutun cewa ana sanarwar cikin gida, za a dawo, ba sauti ko da waƙar da mawaƙan ikilisiya suka ɗauka da kansu. Dannawa ɗaya ce tsakanin su biyun, watsawar ba ta yankewa. Kada a sa waƙar wani daga intanet a wurin, Facebook da YouTube suna gane waƙa mai haƙƙin mallaka, su kashe sautin ko su tare bidiyon.

Ɗan Kwangila:
Ai OBS yana da jinkiri. A sa daƙiƙa 30, idan baƙo ya ɓaro magana sai a kashe murya kafin ta fita.

Mai Sauti, Muchiya:
Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Jinkirin yana riƙe komai ne a layi, har da kashe muryar da ka yi. Idan ka kashe murya yanzu, maganar da ta riga ta shiga layin za ta fita, sai bayan daƙiƙa 30 shirun ya biyo. Abin da ke hana ta fita shi ne tsayar da watsawar tare da zubar da abin da ke layi, akwai zaɓin hakan a maɓallin tsayarwa idan an kunna jinkiri. Wato dai ka yanke gaba ɗaya. Yana da amfani ranar da abu ya ɓaci sosai, kuma ba ya cin wuri, daƙiƙa 30 ba su wuce megabait 10 ba a ingancin da muke amfani da shi. Amma ba almakashi ba ne da za ka cire jimla ɗaya ka ci gaba.

Hanya mafi tsabta a miksa take. Kada a ɗauki sautin watsawa daga babbar mafitar da ke zuwa lasifika. A ɗauka daga AUX guda, wato ƙaramar mafitar sauti ta gefe a jikin miksa, a keɓe shi don watsawa. Ta haka kowane makirufo yana da nasa maɓallin zuwa intanet dabam da na cikin ɗaki. A duba ko AUX ɗin PRE ne ko POST, a rubuce yake a jikin miksa. Idan POST ne, yana bin maɓallin da ake ja sama da ƙasa: ka sauke, ya sauka a ɗaki da intanet duka. Idan PRE ne, ba ya bi, sai ka sauke murya a ɗaki kana zaton ka kashe, alhali duniya tana ji. Sai kuma makirufon mawaƙa da na ganga. Idan an bar su a buɗe za su kwaso muryar baƙo daga lasifika su kai ta intanet, ko da ka rufe nasa. Dole mai watsawa ya sa abin kunne yana sauraron abin da ke fita, ba abin da ke ɗaki ba.

Injiniya, Kongo:
Duk daidai, sai dai akwai waya hamsin a kan benci. Ranar da babban mutum ya zo, rabin matasa suna ɗauka, yaransa ma suna ɗauka da kyamarar da ta fi ta ikilisiya. Kashe namu ba zai hana bidiyo fita ba. Abin da zai jawo shi ne a ce sun ɓoye wani abu. A ganina kariyar ikilisiya ita ce ta mallaki cikakken bidiyon daga addu'ar buɗewa zuwa albarka. Yadda ake ɓata mai wa'azi ba wuya: a yanko daƙiƙa 40 daga wa'azin minti 45, a cire inda ya ce wasu suna cewa, a bar abin da wasun suke cewa kamar nasa ne. Maganin wannan shi ne a fito da minti biyar kafin wurin da minti biyar bayansa a rana ɗaya.

Kada a dogara da Facebook ya ajiye. Tun Fabrairun 2025 bidiyon kai tsaye kwana 30 yake yi a can a goge shi. A danna ɗauka a OBS tare da watsawa, a zaɓi nau'in fayil na mkv maimakon mp4, domin idan wuta ta ɗauke ana tsaka da ɗauka mp4 yakan lalace gaba ɗaya, mkv kuwa yana riƙe abin da ya samu. Lissafi: a 720p, kilobit 2,500 a daƙiƙa da 128 na sauti, awa ɗaya tana cin kusan gigabait 1.2. Sujadar awa 3 ta zama 3.5. Lahadi 52 wajen 180. Faifan ajiya na terabait 1 zai ɗauki shekara biyar. A ajiye shi a ofishin ikilisiya, ba a jakar yaron da zai tafi bautar ƙasa ba. Haka ma shafin: mutum uku su zama masu iko, ɗaya daga ciki dattijo.

Mai Sauti, Muchiya:
Injiniya na yarda a ɗauka duka. Amma ɗauka dabam, watsawa dabam. A ɗauka a ajiye, ba lallai a watsa ba. Sai dai a sani OBS abin da ke fita shi yake ɗauka, idan ka koma fuska ta biyu hoton tsaye zai ajiye. Don haka waya ta biyu a kan ƙafa uku a baya, tana ɗaukar komai ba yankewa.

Tunda an taɓo wuta: rauta da kwamfuta su hau ƙaramar inbata ko UPS. Lokacin da aka juya daga NEPA zuwa janareto rauta takan mutu, kafin ta farfaɗo minti ɗaya ko biyu sun tafi. Gurnanin da ake ji a ƙarƙashin murya kuma yawanci daga haɗa miksa da kwamfuta ne a soket dabam-dabam. A haɗa su a layi ɗaya, idan bai tafi ba a sa DI a tsakani, wato ƙaramin akwatin da ake ratsa wayar sauti ta cikinsa, a danna maɓallinsa na ɗage ƙasa (ground lift). Kada a karya ƙafar ƙasa (earth) ta filogi. Gurnani zai tafi, amma ranar da amfilifaya ta yi yoyon wuta mai riƙe da makirufo ne zai ɗauka a leɓe. Saurin turawa kuma a gwada shi ranar Lahadi da ƙarfe tara, ba ranar Laraba da majami'a ba kowa ba. Ana son megabit 5 tsayayye. Idan bai kai ba a sauka zuwa 480p, mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, ba sa haƙuri da murya mai yankewa.

Dattijo, Wusasa:
'Ya'yana kun yi nisa cikin wayoyi, mu tsofaffi mun tsaya a ƙofa. Sauƙin abin a wurina: idan ba a ba shi makirufo ba, babu abin kashewa. Baƙo ya zo, mai sanarwa ya ambaci sunansa kamar kowane baƙo, ya miƙe, a ce masa maraba, ya zauna. A yi addu'a domin masu mulki duka yadda 1 Timoti sura 2 ta ce, ba tare da an kira shi gaba an ɗora masa hannu a gaban kyamara ba, domin hoton nan gobe a fosta za ku gan shi. Kuma a rubuta ƙa'idar tun babu baƙo. Idan sai ya zauna a gaba da jami'an tsaronsa fasto zai fara tunanin hana shi, ba zai iya ba, kunya ba za ta bari ba. Amma idan takarda ce ta majalisar dattawa, sai ya ce ranka ya daɗe, ba ni ba ne, dokar gida ce.

Mama, Zumuntar Mata Tudun Wada:
Baba, to kuɗin fa? Rufin majami'a yana yoyo, mutum ya kawo miliyan biyu.

Dattijo, Wusasa:
Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni da za a bi tawa, daga ranar da aka buɗe yaƙin neman zaɓe, kwana 150 kafin zaɓe ke nan a dokar da Barista ya kawo, ba a karɓar kyautar ɗan takara sai bayan an sanar da sakamako. Mai niyyar Allah zai dawo.

Ma'aji, Samaru:
Baba a gafarce ni, a nan na ɗan saɓa. Baiko na Allah ne, ba mu da ma'aunin zuciya. A karɓa, amma ta hanyar da kowa yake bi: cikin asusun banki na ikilisiya, ba hannun fasto ba, mutum biyu su sa hannu, a ba da rasit, a saka a rahoton wata. Ba a faɗin adadi daga bagade, ba a tafi, ba a rubuta suna a bango. Wanda talla ya kawo shi, da ya ji sharuɗɗan nan shi da kansa zai fasa.

Dattijo, Wusasa:
Ko ba a faɗa daga bagade ba, yaransa za su faɗa a Facebook kafin a tashi. Amma a kai duka biyun gaban majalisa.

Barista, Sabon Gari:
Akwai abin da ya fi ambulan tsada, ba a lura da shi: rajistar membobi. Za a zo a ce ana son sunayen mata da lambobin waya don tallafi, a haɗa da lambar katin zaɓe da ta asusun banki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa addinin mutum da ra'ayinsa na siyasa cikin bayanai masu tsauri. Jerin sunayen 'yan ikilisiya kansa bayani ne a kan addininsu, sakatare ba shi da ikon miƙa shi ba da yardar kowane mutum ba. Katin zaɓe kuma, saye ko sayarwa ko riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba sashe na 22 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya mai da shi laifi, tara har naira 500,000 ko ɗaurin shekara 2. Kuma BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, yatsa ko fuskar mai katin take dubawa, wanda ya karɓi katinki ba zai yi zaɓe da shi ba, Mama. Ribarsa ita ce ke ki zauna a gida. A gaya wa mata wannan da Hausa a taron zumunta.

Injiniya, Kongo:
Ni zauren WhatsApp ya fi ba ni tsoro a kan bagade. Fasto ana ganin fuskarsa, saƙon murya ba shi da fuska. A Maris 1987 abu ya tashi a kwalejin ilimi ta Kafanchan, cikin kwanaki ya iso Zariya, an ƙone majami'u, lokacin babu wayar hannu ko ɗaya. A Afrilun 2011 da saƙon tes ake yi, Musulmi da Kirista duk sun binne nasu a jihar nan. Yau zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Matakai kaɗan: daga jajibirin zaɓe zuwa sanar da sakamako a mayar da zauren ikilisiya masu kula kaɗai ke aikawa. Saƙo mai kibiya biyu a sama ya bi hannu da yawa, ba a san tushensa ba. Hoto a saka shi a Google Lens, sau da yawa za a tarar na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Saƙon muryar da bai faɗi unguwa da rana da sa'a ba, a goge, mai kula yana da ikon goge wa kowa. Idan an ce ana faɗa a PZ ko Kwangila, a kira mutum biyu da ke wurin kafin a rubuta komai. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira ana kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, kuma wa ya fi fasto yawan murya a intanet? Duk saƙon da ya zo da muryarsa yana neman kuɗi ko yana cewa a zaɓi wane, a kira layinsa a ji.

Ma'aji, Samaru:
A ƙara da satar WhatsApp. Za a kira ka a ce daga kwamitin addu'a ne, an turo maka lamba shida ta shiga taro, ka karanto. Lambar shiga asusunka ce. Kowane mai kula ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau. Wanda aka sace nasa ya sake rajista da layinsa, amma idan ɓarawon ya riga ya sa nasa PIN, sai an jira kwana 7. A cire lambar daga zaure nan take.

Malamin Tauhidi, Wusasa:
Fitowa 23 aya ta 1 ta hana baza labarin ƙarya, ba ta ware wanda ya ce yadda na samu haka na tura ba.

Ɗan Kwangila:
To ikilisiya ba ta da abin yi a zaɓe ke nan sai kashe-kashen makirufo?

Barista, Sabon Gari:
Tana da shi da yawa. Sanar da lokacin rajista da karɓar kati. Koya wa tsofaffi yadda ake dangwala yatsa kada tawada ta tsallake layi ƙuri'a ta lalace. Gaya wa mutane suna da damar tsayawa a rumfa a ƙirga a gabansu, a cike takardar sakamakon rumfa ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Su ɗauki hoton sakamakon da aka liƙa, su gwada da abin da ya hau IReV, shafin INEC na duba sakamako a intanet. A tuna Kotun Ƙoli a Oktoban 2023 ta ce IReV wurin dubawa ne, ba wurin tattara sakamako ba, don haka takardar rumfa ita ce gindi. Sa ido a hukumance kuwa sai ƙungiyar da INEC ta tantance. Idan ana son jin 'yan takara, a gayyato su duka, a wani zaure da ba majami'a ba, ranar da ba ta sujada ba, kowa lokacinsa daidai da na ɗan'uwansa.

Sakataren Matasa, Samaru:
Na gode iyaye, ina haɗawa. Saura guda da ba a taɓa ba. Idan ɗan takarar ba baƙo ba ne fa? Dattijon ikilisiya ne, shi ke karatun farko, sunansa yana jadawalin wa'azi na wata mai zuwa.

Dattijo, Wusasa:
Ya huta daga bagade har a gama. Ya zauna a benci da iyalinsa.

Mama, Zumuntar Mata Tudun Wada:
Baba wannan ba horo ba ne a kan wanda bai yi laifi ba? Kullum muna cewa masu bi su shiga siyasa, wanda ya shiga kuma mu sauke shi?

Malamin Tauhidi, Wusasa:
Ba saukewa ba ce idan shi ya nema da kansa, kuma a sanar da ita a matsayin hutu. Sai dai ɗarikoki sun bambanta, na Angalikan da Katolika da ECWA da Baptist ba tsari ɗaya ba ne, kowa ya duba kundinsa kafin a rubuta wannan layin. Sakatare ka bar shi da alamar tambaya.

Mai Sauti, Muchiya:
Sakatare ka ƙara a ƙasa: ranar Asabar lokacin koyon waƙa kowace ikilisiya ta gwada AUX ɗinta. Mutum ɗaya ya yi magana a makirufo, a sauke maɓallinsa, wani ya fita waje da waya ya saurara ko har yanzu tana fita. Wanda miksarsa ba ta da AUX ya turo hoton bayanta a nan, a ga inda za a ɗauka.